Satar Kunkuru a Garin Kalbarra

Ranar Alhamis da hantsi, Insifekta Noelene Pascoe tana shan shayi a ofis waya ta yi ƙara. Muryar Lindsay Braddock ce, tsohon direban jirgin ƙasa, yana magana kamar wanda ya haɗiye garwashi.

"Noelene, an sace Kunkuru!"

Ba ta tambaye shi wane kunkuru ba. Duk Kalbarra an san shi: ɗakin kwanan nan da Lindsay da matarsa Merle suke ɗora wa a-kori-kurarsu duk watan Mayu, idan sanyin wannan kudancin duniya ya kawo kai, su nufi arewa mai ɗumi kamun kifi, ba a sake ganinsu sai Satumba. Sauran watannin, ɗakin yana tsaye a bayan gida bisa ƙafafunsa huɗu na ƙarfe, ya shiga shekara ta goma sha tara ke nan.

Ta shanye shayinta tukuna. Garin ba ya yawan ba ta aiki, kuma tana son sa a haka.

Ta iske Lindsay tsaye a filin da babu komai a cikinsa sai shatin ƙafafu huɗu a kan siminti.

"Litinin za mu tashi," in ji shi. "Mako uku ina fama. Na liƙe rufi, na wanke tankin ruwa, na shafa giris, na sa sabon faifan sola, Dino makanike ya sa mini sabon batir. Jiya da safe muka je birni wajen likitan haƙori, muka kwana gidan 'yarmu, yau muka dawo muka tarar da wayam."

"Muna fama dai," Merle ta gyara masa daga bakin ƙofa. "Wa ya ɗinka labulen? Kai ka ɗinka?"

Insifekta ta tsuguna. Igiyar wutar da ke haɗa ɗakin da gida an cire ta, an naɗe ta tsaf, an rataye a ƙusa. Katakan da ake tare ƙafafu da su an jere su a jikin bango, babba a ƙasa, ƙarami a sama.

"Kai ka jere waɗannan?"

"Shi? Shekara arba'in ina roƙonsa ya jere ko da takalmansa," in ji Merle.

"Yaya ake ɗauke shi?"

"Sai ka murɗa ƙafafun ya ɗaga sama, ka shigo da mota da baya a ƙarƙashinsa, ka sauke," Lindsay ya ce. "Amma ƙafar baya ta hagu tana cijewa. Sai ka mayar da ita baya sau biyu kafin ta yarda. Wanda bai sani ba zai karya ta."

Ba guntun ƙarfe ko ɗaya a ƙasa.

"Su wa suka san haka?"

"Ni, da Merle, da Dino makanike. Sai Clarrie Hocking, da muke tafiya tare tun farko. Amma bana shi ba zai je ba, wai bayansa na ciwo."

A bakin ƙofar gida ta sake tsayawa. Sawun tayoyi ya nuna motar ta shiga ta fito, ta shiga ta fito, ya fi sau shida kafin ta daidaita. A jikin ginshiƙin ƙofar kuwa akwai sabon gurzo, da ɗan koren fenti.

Ta rubuta a littafinta: hannu gwani, direba ba gwani ba.

Garejin Dino Kostakis yana cike maƙil, kamar kowace shekara war haka. Tsofaffi sun jeru da motocinsu, wannan birki, wancan taya, kowa yana ba kowa labarin kifin da ya kusa kamawa bara. Dino ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu.

"Jiya ina kake daga safe zuwa yamma?"

"Nan, Insifekta. Ko abincin rana a tsaye na ci."

"Abin mamaki. Jiyan na biyo ta nan ƙarfe biyu, ƙofa a rufe. Kuma hancinka ya ƙone da rana, ban san rana tana shiga ƙarƙashin mota ba."

Tsofaffin suka tuntsire da dariya. Dino ya ja ta gefe yana waige.

"Don Allah rage murya. Kogi na je. Na ce wa uwargida aiki ya yi mini yawa, ba zan iya raka ta gidan yayarta ba. Ki tambayi mai jirgin fito, shi ya ƙetarar da ni."

"Zan tambaya. Motarka wace kala?"

"Fara. Ga ta can, ko kwarzane babu."

Ta zagaya ta duba. Gaskiyarsa.

"Batirin da ka sa wa Lindsay, me ya bambanta shi da tsohon?"

Fuskar Dino ta washe. "A'a, wannan ai magana yake yi da waya! Idan kin matso kusa da shi, kamar taku goma sha biyar, wayar za ta yi ƙara ta nuna miki sauran wutar da ke ciki. A wayar Merle na haɗa, don shi Lindsay ko saƙo ba ya iya buɗewa."

"Wa ya san da wannan?"

"Daga ni sai su. Shekaranjiya na haɗa."

Insifekta ta kira mai jirgin fito, ya tabbatar da maganar Dino, har ya ƙara da cewa bai kamo ko ƙaramin kifi ba. Daga nan ta biya ta ari wayar Merle, ta sa a aljihu, ta kama hanyar da ta bi ta gonakin lemo.

Gidan Clarrie Hocking yana ƙarshen hanyar. Ta same shi a baranda, dogo, siriri, da hular kaba a gwiwa. Sai da ta zo daf da matakala ya gane ta.

"Noelene ce? Hau, 'yar nan. Ruwa yana kan wuta."

Ya kawo shayi da biskit. Da ya zo zubawa, rabin ruwan a faranti ya sauka. Ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ka ji labarin Kunkuru?"

"Na ji. Duniya ta lalace. Baƙi ne, masu wucewa."

"Yaya bayan?"

"Wane... oh, bayan. Da sauƙi-sauƙi."

Ta dubi tsakar gida. Nasa ɗakin tafiyar yana tsaye bisa ƙafafunsa, lulluɓe da tamfol.

"Ina motarka, Clarrie?"

"Tana rumfa. Wata biyu ban taɓa ta ba."

"Har yanzu koriya ce?"

Ta ajiye kofin, ta sauka, ta taka a hankali zuwa babbar rumfar kwanon da ke bayan gida. Kwaɗon ƙofar sabo ne fil. Saura 'yan taku ta isa, wayar da ke aljihunta ta yi ƙara. Ta fito da ita, ta karanta da ƙarfi yadda zai ji.

"Batir ya cika, kashi casa'in da takwas cikin ɗari."

Clarrie ya tashi ya sauko, ya lalubo mabuɗi a aljihun rigarsa, ya miƙa mata.

Kunkuru yana ciki, a ɗaure daram bisa koriyar mota mai gurzajjen gefe. An rufe tukunyar gas, an jona firji da wuta don kada naman da Merle ta daskarar ya lalace.

Insifekta ta kira Lindsay. Cikin minti goma suka iso shi da Merle. Lindsay ya dubi ɗakin, ya dubi abokinsa, bakinsa a buɗe.

"Kai? Kai, tsohon banza?"

"Ni ne," in ji Clarrie. "Ba bayana ba ne, Lindsay. Idanuna ne. Yanar ido ce ta rufe su duka biyun. Tun Maris aka dakatar da lasin tuƙina. Sai tsakiyar Yuli za a yi mini aiki. Na ce idan ɗakin ya ɓace mako shida, sai ya bayyana a bakin hanya, mu tafi tare ko da a makare."

"Ka buɗe baki ka ce mu jira ka mana!"

"In ce me? Ni da nake gaba kullum ina nuna maka hanya?" Ya murza hularsa. "Tun da matata Beryl ta rasu ban taɓa yin lokacin sanyi a gidan nan ba. Bara da bara waccan kun ja ni mun tafi. Bana na zauna na ƙirga watanni huɗu, ni kaɗai da bangon nan, sai na ji ba zan iya ba."

Merle ta juya ta share ido da gefen rigarta. Da ta juyo, faɗa ta kama.

"Da ka murƙushe wani a hanya fa? Makaho da mota, da ɗaki a goye! Ai ka ci a yi maka duka da muciya."

"A hankali na tafi, Merle. Keke ma ya wuce ni."

"Ba zan kai ƙara ba," in ji Lindsay. "Noelene, ki rubuta aro ya yi."

"Ɗakin naka ne, wannan ruwanka," ta ce. "Amma tuƙi ba lasi, wannan nawa ne. Clarrie, ɗauko rigar sanyinka. Za mu je ofis ka ba da bayani, kuma sai ka tsaya gaban alƙali."

Bai yi gardama ba. Ta kama masa gwiwar hannu suka sauka matakala, ta buɗe masa ƙofar baya, ta dafa kansa kada ya bugu.

Ta tayar da mota ke nan Lindsay ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Yaushe alƙalin yake zama?"

"Talata."

"To, mun ɗaga zuwa Laraba." Ya leƙa baya. "Kai, ɓarawo! Kujerar baya taka ce, tanti kuma ka kawo naka, don ba zan kwana da minsharinka ba. Yuli in dawo da kai a yanka idon, mu koma. Kuma kai za ka yi wa ginshiƙina fenti."

Suka hau hanya. Sun wuce gonar lemo ta biyu kafin Clarrie ya yi magana, yana ta goge fuska da bayan hannu.

"Kin ga idon nan, Noelene? Gani ya gagare shi, amma ruwa bai gagare shi ba."

Ta miƙa masa hankici ta bayan kujera, ta rage gudu don kada su yi saurin isa.