Ɗigon Dalma Uku

Rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta rufe rabin tsakar gida, lokacin da Rewaya ya shimfiɗa buhu a ƙasan sitiyarin tsohuwar motarsa ya kwanta rigingine da tocila a baki. Shekara talatin yana gyaran wayoyin motocin mutane, har sunan sana'ar ya cinye nasa na yanka. Wannan motar kuwa tasa ce, kuma ta girmi 'yarsa. Fentinta ya koɗe, kujerunta sun sha faci, ba ta tashi sai da lallashi. Yayarsa da ke zaune tare da su, wadda kowa ke kira Gwaggo, takan ce gara a sayar da ita a sayi kaji, ko ba komai kaji suna yin ƙwai.

Ba don ƙarfen yake riƙe da motar ba. Matarsa ta rasu 'yarsu tana da shekara biyu, kuma da yake ita kaɗai Allah ya ba su, sai ake ce mata Tilo. Abin da marigayiyar ta bari mai motsi shi ne kaset ɗaya, wanda ya ɗauka da rikodar aro wata rana tana lallashin jaririyar. Da farko ana jin ta tana dariya tana cewa, “Kashe abin nan mana, kunya nake ji.” Daga nan ta manta da shi, ta ci gaba da waƙar lallashi ta wajen minti biyar. Duk gidan babu abin da ke cin kaset sai rediyon motar, don haka kullum ya dawo daga gareji sai ya shiga ya kunna, Tilo ta zauna a kujerar gefe. Haka suke tun tana tsayawa a kan kujerar har ta zama malamar makaranta. Fuskar uwarta a hoto ta san ta, muryar kuwa ta haddace ta har inda take jan numfashi.

Da tsohon rediyon ya fara tauna zaren kaset, Tilo ta bi kasuwa rumfa-rumfa har ta samo sabo mai bakin kaset, irin wanda yanzu sai an tona. Shi ne yake haɗawa a yammacin nan.

Tsohuwar mota ba ta da soket ɗin da za a cusa kawai a huta. Sai an yanke wayoyi an bi su ɗaya bayan ɗaya: ja ta tafi wurin makulli, rawaya ta tafi batir, baƙa a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, sauran su wuce sifiku. Rewaya ba ya murɗa waya ya naɗe da salatif yadda 'yan sauri ke yi, da dalma yake liƙewa, kuma yana ji da kansa a kan haka. Akwai kuma ƙa'idar da ubangidansa ya koya masa: kafin ka sa hannu ko wuta a kogon tsohuwar mota, ka ƙwanƙwasa sau uku ka yi bisimilla, domin wurin da ya daɗe cikin duhu ba ya rasa mai shi. Bai taɓa tsallake wannan a motar wani ba. Ranar nan mota tasa ce, Tilo na leƙe ta taga tana tambaya ko an kusa, Gwaggo kuma na kira daga ƙofar kicin cewa magariba ta kawo jiki, a ajiye wutar nan. Ya ce saura waya ɗaya. Narkakkiyar dalma ta zame daga bakin ƙarfen liƙin, ɗigo uku suka faɗa can cikin ramin da tsohon rediyon ya bari.

Ya ji wata 'yar ƙara siririya, kamar an taka ɗan kyanwa, sai kuma shiru. Wani ƙauri ya taso wanda ba na roba ba ne. Ya haska da tocila bai ga komai ba, ya ƙarasa aikinsa, ya ce gobe sa gwada.

Ana idar da salla dutsen farko ya sauka a kan kwanon ɗakin Tilo. Na biyu ya biyo, na uku ya fasa tulu a tsakar gida. Rewaya ya zagaya bayan gida da sanda bai iske kowa ba. Da ya ɗauki dutse ɗaya sai ya yar da sauri, don zafi gare shi.

Washegari a daidai wannan lokacin sifikun motar suka fara kuka, kukan mace, a hankali, irin na wadda ta gaji da yi. Ya cire kan batir. Kukan bai tsaya ba. Ya ciro batirin gaba ɗaya ya ajiye a zaure, ya dawo ya tsaya yana kallon motar, shi da ya san hanyar kowace waya a cikinta, ga shi ilminsa ya ƙare. Gwaggo ta ja carbinta.

A rana ta uku suka nemi Tilo suka rasa, sai a cikin motar suka same ta, zaune a kujerar gefe, hannayenta naɗe a ƙirji tana jijjiga abin da babu. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta amsa sunanta. Idan uban ya matso sai ta dube shi da idanun da ba su san shi ba, ko kuma suka san shi fiye da kima. Kwana huɗu tana haka, leɓunanta suka bushe, wuyanta ya rame. Rewaya ya taɓa binne mutum ɗaya daga gidan nan, ya kuma san ba zai iya na biyu ba.

Gwaggo ce ta kawo Malam, wani dattijo marar yawan magana da ke limanci a ƙarshen layi. Ya zo gab da faɗuwar rana, ya ce kada a fito da ita, ya zauna a kujerar direba ya fara karatu. Rewaya ya durƙusa a bakin ƙofa. An daɗe ba a jin komai sai karatun, sannan jikin Tilo ya sanƙare, wata murya mai kauri ta tsohuwar mace ta fito daga bakinta.

“Daina ƙona ni. An riga an ƙona ni.”

Malam ya tambaye ta ko wace ce, da abin da yarinyar ta yi mata. Ta ce yarinya ba ta yi komai ba. Ta ce shekara goma sha takwas tana zaune a bayan rediyon nan ba ta taɓa cutar da kowa ba, a nan ta haifi ɗanta bayan dogon jira, kuma da muryar matar nan ta kaset yake barci kullum. Duk sanda mutumin nan zai sa hannu yakan ƙwanƙwasa, ita kuma ta ɗauke ɗanta su matsa.

“Ran nan bai ƙwanƙwasa ba. Ɗigo uku suka kashe mini ɗa. Ɗa ɗaya gare ni, 'ya ɗaya gare shi. Sai mu yi daidai.”

Malam ya ce kuskure ba ganganci ba ne, ran yarinyar bai halatta gare ta ba, kuma idan ta ƙi fita zai ci gaba da karatu. Ta ce ya ci gaba, za ta fita, amma abin da za ta bar musu ba zai ƙara gane ubansa ba.

Rewaya bai ji tsoro a maganar nan ba, makoki ya ji, kuma ya san muryar makoki. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ni ne na yi. Na san ƙa'ida na tsallake. Ki yafe mini, baiwar Allah. Allah ya ba ki haƙuri.”

Hawaye suka gangaro daga idanun Tilo.

“Babu wanda ya yi mini gaisuwa sai kai,” in ji muryar. “Kai da taka ta tafi ta bar maka abin ji. Ni ko tsumma bai bar mini ba. Ba ni muryar da yake barci da ita in tafi da ita, in bar maka 'yarka.”

Malam ya juyo ya ce masa a hankali shi ba ya son ciniki da su, amma 'ya tasa ce, kaset nasa ne. Rewaya ya zaro kaset ɗin daga aljihun gaba, inda yake tun ranar da ya cire tsohon rediyo. Ya riƙe shi ɗan lokaci. Sannan ya ɗora shi a kan hannayen Tilo da ke naɗe. Malam ya sa ta yi alkawari ba za ta dawo ba, ta yi. Tilo ta yi atishawa sau uku, kanta ya langaɓe, can ta buɗe ido ta ce, “Baba, ƙishirwa nake ji.”

Ba ta tuna komai ba, kuma Gwaggo ta hana a gaya mata sai ta yi ƙwari. Bayan mako guda, da yamma, ta fito riƙe da kaset ɗin tana tsokanar ubanta, wai ta sha wahalar nemo rediyo amma babban rewaya ya kasa kunna shi. Ya mayar da batir. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Fitilar rediyon ta kama, aiki ya yi kyau, ba waya ɗaya da ta saɓa. Kaset ya fara juyawa, ba abin da ke fita sai shuuu.

“Baba, ƙara murya.”

Ya ƙara har ƙarshe. Suka zauna minti biyar cif suna sauraron iska. Tilo ta dubi rediyon, ta dubi fuskarsa, murmushinta ya tafi a hankali.

“Ai na haddace,” ta ce, ta buɗe baki za ta fara. Kalmomin suna nan, amma sautin ya ƙi zuwa. Shi ma ya laluba a ransa bai same shi ba.

Ya kamo hannunta, da ɗuminsa, ya riƙe gam. Da ɗaya hannun ya kashe abin, yadda uwarta ta roƙe shi tun shekara ashirin da suka wuce.