Furen Sukari a Kan Kek ɗin Fauziyya

Ana gab da kiran magariba Fauziyya ta sauke tukunyar sukarin daga kan gawayi. Ya ƙone. A unguwarsu a Kankia an san ta da cincin da ƙananan kek, amma yau ne karonta na farko na yi wa babban kek ado, na walimar saukar Alƙur'ani da za a yi wa Salma, ɗiyar yayar mijinta, gobe a Kusada. Kek ɗin ya gasu lafiya cikin tukunyar yashi. Adon ne ya ƙi. Ayisin, wato kwaɓin sukarin da ake shafa wa kek, yana narkewa, matar da ke cikin bidiyon waya tana ta surutu, ga sukarin da ta narka don ado ya koma baƙi.

Ta ɗauki tukunyar ta zagaya bayan kicin, inda magudanar ruwa take.

Babu yaron da ya tashi a garin nan bai san ba a zuba abu mai zafi a ƙasa sai da bismillah, balle da magariba, don akwai waɗanda ido ba ya gani. Fauziyya ta sani. Ta ma tuna. Haushi ne ya hana bakinta buɗewa, ta kwara.

Sukarin ya yi cuuu. A ƙarƙashin wannan ƙara, wani siririn kuka ya tashi, ya yanke.

"Kyanwa ce," ta ce a ranta. Gidan babu kyanwa.

Ta koma ta ɗura ayisin ja a leda, ta yanke bakinta, ta fara matsa furanni. Na farko ya karkace. Na biyu ya fito kamar na bidiyon. Ta juya ɗauko cokali, da ta waiwayo sai ga sawun ƙananan yatsu a gefen kek ɗin.

Ɗiyarta Adawiyya, wadda ba ta ko shiga makaranta ba, tana zaune a tabarma. Fauziyya ta kama hannunta ta buge.

"Umma, ba ni ba ce," yarinyar ta ce tana shessheƙa. "Waccan ce mai kuka."

"Wace?"

Ta nuna bayan kicin.

Ƙaurin ƙonannen sukari ya dawo. Tare da shi akwai wani ƙauri, irin na fata. Kaji suka yi tsit. Mijinta Dalhatu yana masallaci.

Aka yi sallama, daga wajen katangar da ba ta da ƙofa.

Mace ce doguwa, a lulluɓe, da goyo. Ƙafafunta ba sa motsa yashi. Ta tsaya inda hasken fitila ya ƙare.

"Tun la'asar ɗiyata ke tsaye tana kallon aikinki," ta ce a hankali. "Mi ta yi maki?"

Fauziyya ta ja da baya.

"Kalma guda za ki faɗa ta kauce. Kin tuna ta. Na ga kin tuna."

Ta zame zanen goyon. Wani ɗan hannu ya leƙo, baƙin sukari ya daskare a kansa har wuyan hannu.

"Hannu na zo amsa, a madadin nata."

Idonta yana kan Adawiyya.

Fauziyya ta ja yarinyar bayanta. Ta so karanta Ayatul Kursiyyu, kunya ta riƙe mata harshe: da wane baki, bayan ta ƙi faɗar mafi guntu? Ta durƙusa, ta miƙa hannunta na dama.

"Baiwar Allah, wannan ne ya zuba. Wannan ne kuma ya bugi tawa a kan ƙarya. Ki bar mani yarinya."

Matar ta dubi hannun da aka miƙa mata.

Daga cikin goyon wata 'yar murya ta raɗa: "Inna, furen nake so."

Yatsa ɗaya mai sanyi ya sauka a tafin Fauziyya.

Sanyin ya zama wuta.

Ta ji tarin Dalhatu a zaure yana shigowa da hailala. Fitilar ta lumshe, ta dawo. Babu kowa.

A kan kek ɗin, furen na biyu, mai kyan, ya tafi. An bar karkataccen.

Haka aka kai shi Kusada, da fure ɗaya. Salma ta yi murna, mata suka yaba, Fauziyya ba ta ko ɗanɗana ba. Tabon tafinta ya warke baƙi, girman kan yatsa. Yanzu ko ruwan wanke-wanke mai sanyi za ta zubar, sai ta yi bismillah da ƙarfi, ta ɗan jira.

Ta ƙware a ado, har daga Rimaye ana aiko mata aiki. Amma wani lokacin, tana tsakiyar matsa fure, Adawiyya kan ɗago ta dubi bayan kicin.

"Umma, ta zo kallo," takan ce. "Har yanzu hannun a naɗe yake."