Takardar Souleymane

Maganar da ta cika unguwar Manshiya ita ce Souleymane mai fotokofi ya rubuta takarda da Turanci, yana yaƙi da auren mace ɗaya.

Rékia ta san shi ne ranar da ta kai fasfon babanta shagonsa. Ya buga mata kofi biyar maimakon ɗaya, don idonsa ba ya kan injin. Wata shida suna tare maganar ta kai kunnen baban nata, Malam Hambali, wanda ya yi wa marigayiya mahaifiyarta alkawarin Rékia ita kaɗai za ta zauna a gidan mijinta.

"Juma'a akwai mota zuwa Agadez," ya ce. "Ki haɗa kayanki ki koma gida."

Ba ta iya musu da shi. Ta shiga ɗaki, ta tarar da saƙo a waya: "Tauraruwata, ni na rubuta, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ke kaɗai nake so."

"To ya zan yi, Sule na?" ta mayar. "Saura kwana uku."

Goggonta Kadidiatou, da ta shekara talatin tana koyarwa a Damagaram, ba ta yarda da "an ce". Ta ja ta har shagon.

"Kawo takardar, ɗan nan." Ta gyara tabarau. "Antimonogamy. Anti, adawa. Monos, ɗaya. Gamos, aure. Girkanci ne aka ɗinka da zaren Turawa. Kai da ko akuya ba ka ajiye ba, ina kai ina wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Goggo, muhawara ce a taron matasan Afirka. An ce takardar halarta tana taimakawa wajen samun iƙama, izinin zama a ƙasar nan. Ƙuri'a aka zuba a hula, hannuna ya ɗauko wannan ɓangaren."

"Da ɗayan ka ɗauko fa?"

"Da na fi zuba."

Rékia ta yi dariya, hawaye na bin kuncinta.

Da ƙyar Malam Hambali ya saurara. Sai da aka nemo wanda ya riƙe hular ya rantse, sannan ya ce, "Allah ya sanya alheri."

An ɗaura auren bayan sallar layya, aka raba dabinon garin Zighan, tsofaffi suka sa albarka.

Takardar shi ya rubuta ta, kuma shi ya zo na ɗaya a muhawarar. Iƙamar bai samu ba. Shekara ashirin ke nan, Rékia ce kaɗai matarsa.