Likitan da Ya Rufe Rijiyar Don Anselmo

Ranar da Hermelinda ta fara ganin likita Evaristo, gyangyaɗi yake a kan alfadarinsa a ƙofar gidansu. Ta ɗauka mashayi ne. Ashe kwana biyu ya yi yana zaga ƙauyukan kan dutse inda taifot ya ɓarke. Ta miƙa masa kofi mai zafi, ya kurɓa, ya dube ta, ya kusa manta abin da ya kawo shi.

Abin kuwa ba daɗi. Shi kaɗai ne likita a garinmu San Roque, shi kuma muka ɗora wa shugabancin majalisa don kowa ya ƙi. Ya zo ne ya shaida wa mahaifinta, Don Anselmo, cewa rijiyarsa da rabin gari ke ɗiba ita ke kashe yara, dole a rufe ta.

Tsohon ya ce kakansa ne ya haƙa ta. Aka dai rufe, shi kuma ya hana likita taka gonarsa.

Daga nan sai wasiƙa tsakanin likita da Hermelinda, wadda yake kira Melita.

"Melita, na so in gan ki a coci, naƙudar wata mata ta tsare ni a ƙauyen El Hato. Ki yafe min. Ƙafafuna sun kumbura, amma hankalina yana wajenki."

Sau uku yana saɓa alkawari. Ta yi fushi, ta huce, ta rubuto:

"Likitana, ɗan mai kantin tufafi ya zo neman aurena, Baba ya amince. Na ce a'a. Kai dai ka riƙa cin abinci."

Damina ta wuce. Wata rana kafinta ya faɗa wa Don Anselmo cewa wata biyar ke nan bai haɗa ƙaramin akwatin gawa ba. Washegari tsohon ya je ɗakin shan magani, ya bi layi har aka zo kansa.

"Me ke damunka, Don Anselmo?"

"Yarinyata ce, kullum ramewa take. Kai ka jawo, sai ka zo ka ɗauki majinyaciyarka."

Ranar aure ango ya makara, ya iso da laka har gwiwa, jakar magani a hannu. Don Anselmo ya dafa kawunansu ya sa musu albarka.

A ƙofar coci Hermelinda ta karɓi jakar ta rataya.

"Kawo nan, mijina. Daga yau tare za mu riƙa gajiya."