Amaryar da Aka Hana wa Kiɗa

Nana Tufaha tana zaune a gaban kaskon gawayi tana gasa fatar gangunanta, don danshin damina a Rangun ta ƙasar Burma ba ya barin fata ta ɗame. 'Yan ganguna ne tagwaye na tagulla. Da su ta baro Bagadaza tun tana da ƙuruciya, kuma babu amaryar da aka yi wa lalle a unguwarmu ta Yahudawa ba a ji muryarsu ba. Jikarta Masuda tana gefe tana ɗinke bakin mayafin aurenta.

Tsohuwar ta ɗan taɓa fatar da yatsa, ta ce, "Ke, saurara! Kin ji? Sun san bikin gida ne. Na kaɗa wa 'ya'yan attajirai, na kaɗa wa 'ya'yan masu tallan kwalba, har wadda ta fi mijinta gashin baki na kaɗa wa. Saura ke."

"Kai Nana, ba kya rabo da tsokana!"

"In bar wa wa? Uwarki ta tafi ta bar mini ke kina tsumman goyo. Ranar nan kaɗai nake roƙon Allah ya nuna mini, daga nan in ya ga dama ya ɗauke ni."

Ba ta rufe baki ba suka ji taku a matattakala. Uwar ango ce ta shigo, baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa. Sunanta na yanka Gurjiya, amma kowa Ummu Siyon yake ce mata, da sunan ɗanta na fari, ko da yake Siyon ɗin yana maƙabarta. Ɗa ɗaya ya rage mata a duniya, Rahamim, wanda zai auri Masuda.

Aka kawo mata gahawa, ko kallon kofin ba ta yi ba. Gangunan ta zuba wa ido, kamar mai kallon maciji a tsakar ɗaki.

"Tufaha, ki mayar da su inda kika ɗauko. Bikin ɗana babu kiɗa. Ba ganga, ba molo, ba guɗa."

Allura ta suɓuce daga hannun Masuda.

Nana ta ce, "Ummu Siyon, wasa kike yi ko? Wa ya taɓa kai amarya shiru?"

"Na yi miki kama da mai wasa? Bikin Siyon ke kika kaɗa. Har 'yan dako a bakin kogi sai da suka ji, kowa yana cewa ga ango, ga kyau, ga arziki. Me ya biyo baya? Lallen ɗan yatsansa bai goge ba muka wanke gawarsa! Sun ce kwalara ce. Ni na sani, ido ne. Gangarki ce ta kira masa bakin duniya."

"Ki ji tsoron Allah, baiwar Allah! Ni na raba rai?"

"Na dai faɗa. In na ji ko da ƙarar cokali a jikin kofi, na fasa auren nan, in sa shi a jirgin ruwa ya tafi Kalkata wurin kawunsa. Na binne ɗaya, ba zan binne biyu ba."

Ta juya ta sauka, ta bar su da gahawa tana hucewa.

To, wanda bai san mutanenmu ba zai ce mene ne abin tayar da hankali a ciki. A wurinmu faranta ran ango da amarya ba kwalliya ba ce, umarni ne na addini. Banda wannan kuma akwai bakin mata. Amaryar da aka kai shiru, to akwai abin da ake ɓoyewa, haka za su ce, kuma ba sai sun jira hujja ba. Masuda ta san haka sarai. In an yi kiɗa ta rasa Rahamim, in ba a yi ba ta rasa sunanta, ta kuma karya zuciyar tsohuwar da ta raine ta.

Washegari da la'asar Rahamim ya biyo daga ofishin 'yan shinkafa inda yake akawu. Suka tsaya da Masuda a ƙasan matattakala, Nana tana leƙensu daga sama kamar yadda aka saba.

Ya ce, "Na kai ƙararta wurin Hakham." Malamin majami'armu ke nan. "Ya je har gida, ya ce mata auren da babu murna bai cika ba. Kin san me ta yi? Ta kwanta a bakin ƙofa ta ce sai dai ya tsallake ta."

"To yanzu fa?"

"Yanzu na gaji! Ranar nan ko garmaho ne sai na ɗauko na kunna a tsakiyar titi. In ya so ta tsine mini. Ba zan bari a nuna ki da baki ba, Masuda."

Yana cikin magana tari ya sarƙe shi. Ɗan tari ne na ƙurar buhuna, wanda duk ma'aikacin sito yake yi. Amma Masuda ta tsorata. Ta dubi ɗan yatsansa, wanda za a ɗaura wa lalle. In fa matar nan gaskiya ta faɗa? In aka kaɗa, wani abu ya same shi, da wane ido za ta dubi uwarsa? Tsoro haka yake, ba ya neman izini kafin ya tashi daga gidan wani ya tare a naka.

Ta ce, "Kada ka yi. Don Allah kada ka yi."

"Ke ma kin yarda da wannan camfin?"

"Ban sani ba, Rahamim! Na dai san ina jin tsoro. Kuma ba zan shiga gidanku ta kan hawayen mahaifiyarka ba. A yi shiru ɗin. Su faɗi abin da za su faɗa."

Ta hau sama tana kuka, ta durƙusa gaban kakarta. Ba sai ta yi bayani ba, tsohuwar ta ji komai. Nana Tufaha ta daɗe tana shafa kan jikarta, sannan ta ce, "Ni ce fansarki, 'yar nan. Tashi." Ta naɗe gangunan a tsohon zane, ta taka kujera ta tura su can saman kabad. Tun daga ranar ba ta ƙara tsokanar kowa ba, kuma wannan ya fi yi wa Masuda ciwo a kan duk wani zagi.

Zagin ma bai makara ba. A wurin mahauci mata suka riƙa gaishe ta fuska a sake, idanunsu kuma suna kan cikinta. Wata har da cewa, "Amarya, kin yi ƙiba, ko rigar ce?" Masuda ta haɗiye, ta karɓi namanta ta wuce. A gida kuma ta shiga ɗinka gishiri da ɗan dutse shuɗi na maganin bakin duniya a cikin duk rigar da za ta aika wa Rahamim. In ta ji an buga ƙofa da ƙarfi sai ta ce shi ke nan, labarin ne ya zo. Ranar lalle aka ƙunsa mata yatsu ɗaki tsit, kana jin ɗigar ruwa daga indararo. Nana tana zaune a lungu, yatsunta suna motsi a kan gwiwarta ba ta sani ba.

Ranar ɗaurin aure ruwa ya ɗauke da rana. Majami'a ba nisa, don haka aka fito a ƙasa, maza a gaba da ango, mata a baya da amarya cikin farin mayafi. Ummu Siyon tana gefen Masuda, riƙe da babban faranti na tagulla cike da alewar biki, tana raba ido hagu da dama kamar mai gadin kaji. Ta riga ta gargaɗi kowa, ko dariya ba ta yarda ba. Mutum fiye da ɗari, amma ba ka jin komai sai takalma a jiƙaƙƙen titi. 'Yan Burma masu shaguna suka daina ciniki suna kallo, wani tsoho ma har ya sunkuyar da kai.

A kusurwar majami'a akwai wani dattijo makaho, Menashe, da ya yi shekaru yana zama a wurin. Da kunne ya san unguwar nan kaf. Abu ɗaya kuma ba ya wuce shi, rakiyar gawa, don ya ce ladan da ba a biya a duniya shi ya fi so. Da ya ji takun jama'a ba magana ba kiɗa, sai ya dogara sandarsa ya miƙe tsaye.

"Jama'a, wa muka rasa? Ba wanda ya gaya mini!"

Aka yi cirko-cirko. Kowa yana tsoron buɗe baki.

"Ku ba ni amsa mana! Gidan wa?"

Wani ya raɗa masa, "Yi shiru, Baba Menashe, mutanen gidan Ummu Siyon ne."

Tsohon ya saki sanda, ya ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo Allah! Na biyun ma? Rahamim ma ya tafi? Yabo ya tabbata ga Alƙali mai gaskiya!"

Kalmar da muke faɗa ke nan idan an yi mutuwa, ba a faɗarta a wani wuri. Kafin a tare shi ya shiga sahu, ya ɗaga murya da addu'ar da ake raka makara da ita, a tsakiyar titi, a kan sunan ango.

Abin da Masuda ta kwana ta tashi tana tsoro, ga shi ana rera shi a kunnenta. Amma ihun da ya tsaga titin ba nata ba ne.

"Ƙarya ne! Yana raye! Rufe masa baki, ɗana yana raye!"

Ummu Siyon ce. Rahamim ya ruga ya kama hannun makahon ya ɗora a fuskarsa. "Baba, ni ne! Taɓa ka ji. Aurena ake yi!"

Menashe ya shafa fuskar, ya shafa kuma, sannan ransa ya ɓaci. "Aure? To ina kiɗan? Ni da kunne nake gani, yaro. Tun da nake a garin nan, taron da ya wuce ni shiru hanya ɗaya yake bi, kuma ba a dawowa da wanda aka ɗauka. Wane mara imani ne ya shirya maka jana'iza kana tsaye da ƙafarka?"

Ba wanda ya dubi Ummu Siyon, amma ita ta ji kamar duk ita ake kallo. Ta yi baya za ta faɗi. Masuda ce ta tare ta. Ta ɗage mayafi, abin da amarya ba ta yi a hanya, ta rungume matar da ta jawo mata zunɗe, tana kuka tana cewa, "Umma, ni ma tsoron nake ji. Wallahi tun ranar da kika zo ban yi barcin kirki ba. Mun yi shirun, ga inda ya kawo mu. Dube shi, ga shi can a tsaye."

Ummu Siyon ta dubi ɗanta. Ta dubi baƙaƙen kayan jikinta, ta dubi jama'ar da ta jera shiru a bayansa. Sai ta waiga tana laluben fuskoki.

"Tufaha! Ina Tufaha? Kaɗa! Don girman Allah ki kaɗa!"

"Da me? Suna saman kabad, inda kika aika su."

Ummu Siyon ba ta yi wata-wata ba. Ta ɗaga farantin ta watsa alewar gaba ɗaya a kan ango, ta miƙa wa tsohuwar shi da hannu biyu. Nana Tufaha ta juya shi, ta gwada da zoben hannunta. Tagulla ta amsa, tan! Ta ƙara. Daga nan hannuwan da suka yi kwanaki suna kiɗa a kan gwiwa suka sami abin yi. Ta ɗaga tsohuwar muryarta tana kiran sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi. Da ta zo kan uwar ango ba ta tsallake mamacin ba. Ta kira ta uwar Siyon, ta yi masa addu'a, sannan ta kira ta uwar Rahamim.

Nan Ummu Siyon ta kai hannu baki ta rangaɗa guɗa. Muryar a dishe take, rabi guɗa rabi kuka, don rabonta da yi tun bikin ɗanta na fari. Mata suka karɓa, maza suka hau tafi, mai molo ya ruga gida ya ɗauko abinsa. Baba Menashe kuwa ya ce tunda shi ya kashe angon, shi zai tashe shi, ya shige gaba yana rawa da sanda har cikin majami'a. Matar nan mai tambayar ƙiba ita ta fi kowa tsalle, kamar ba ita ba.

Lallen ɗan yatsan Rahamim ya goge, farcen ya fito aka yanke, yana nan daram. Masuda ba ta haihu ba sai da shekara ta zagayo, masu lissafi suka gaji suka kama bakinsu. Ranar kaciyar jaririn, Ummu Siyon da kanta ta taka kujera ta sauko da gangunan, ta hura gawayi ta gasa musu fata.

Masuda ta yi haƙuri da abin da ya fi ƙarfinta, ba ta raba ɗa da uwa ba, Allah kuma ya mayar mata da kiɗanta daga hannun wadda ta hana. Rai ba ganga ke kiransa ba, ba kuma shiru ke ɓoye shi ba, yana hannun Mai shi. Wanda ya hana gidansa murna don gudun mutuwa, tun kafin ta iso ya shimfiɗa mata tabarma. Shi ya sa har ta tsufa, in an zo bikin wata yarinya a unguwar, Ummu Siyon ce take fara leƙowa ta taga tana faɗa, "Me kuke jira? Ku kaɗa, makaho ya ji!"