Tambayar da Alkasim Ya Kasa Amsawa

A kan tabarma aka shigo da shi sashen gaggawa, mutum huɗu na riƙe da gefunanta. Sai da Tahira, ma'aikaciyar jinya, ta sunkuya ta ga Alkasim ne, wanda ake maganar aurensu wata biyar ke nan.

Mahaifiyarsa, Hajiya Maijidda, ta biyo baya. Ita ta dakatar da maganar auren. Ta ce ba ta son surukar da aikinta taɓa jikin mazan mutane ne, ga Saudatu ɗiyar ƙanenta a Tibiri.

Hajiya ta yi bayani tana kallon bango. Kwana huɗu da suka wuce ya ɗaga injin ban ruwa a gonarsu ta Jiratawa, bayansa ya riƙe. Wanzami ya yi masa ƙaho, an yi tausa. Allura kawai suke so, su koma gida.

Tahira ta auna shi, babu zazzaɓi. Ta tambaya ko ya faɗi, ko yana ramewa, ya ce a'a. Ta ce ya ɗaga babban yatsan ƙafa. Na hagu bai motsa ba.

"Yaushe rabonka da fitsari?"

Ya rufe ido.

"Kun ji ko?" in ji Hajiya. "A gabana ma."

"Lafiya lau nake," ya ce, murya ƙasa.

Tahira ta san ƙarya ce, ta kuma san dalili. Babu namijin da zai faɗi wannan a gaban uwarsa da wadda yake so ya aura. Likita yana ɗakin tiyata, sai bayan awa guda. Ta roƙi Hajiya ta fita. Hajiya ta fita, ba ta dube ta ba.

"Alkasim... yau ba budurwarka ba ce ni. In ka ɓoye, ƙafafunka za ka rasa."

Ya dubi ƙofar da Hajiya ta fita, sannan ya ce:

"Tun jiya da safe. Kuma wurin zamana... kamar ba jikina ba. Tahira, in na faɗa miki wannan, da wane ido zan dube ki?"

"Da waɗannan dai, masoyi. Ba ni da wasu da nake so."

Ta aika aka kira likita. Ya duba, aka sa robar fitsari, ya ce da alama jijiyoyin ƙasan baya ne suka danne, awoyi ake ƙirgawa. Kafin azahar mota ta kama hanyar Yamai. Hoto ya tabbatar, aka yi aiki.

Bayan sati shida, Hajiya ta zo gidansu Tahira a unguwar Zariya. Ba ta aiko kowa ba. Ta gaya wa mahaifiyar Tahira abin da likitan Yamai ya ce: da an ƙara kwana ɗaya, da keken guragu za su sayo.

Sannan ta juya ga Tahira.

"Ɗiyata, allura na zo nema. Da kin ji kunyata kin ba ni, da na kashe ƙafar ɗana da kaina. Ki yafe mini."

Tahira ta durƙusa a gabanta.

An ɗaura aure bayan babbar salla. Alkasim ya je masallaci da ƙafarsa, yana ɗan jan ta hagu. Ya ƙi a riƙe shi.