Wa Zai Tuna da Raka?

"A mayar masu da kayansu!"

Muryar Baffa Manu ce daga tsakar gida. Ramlat tana ɗaki tana ninke kayan wanki, ba ta san sanda zanin ya suɓuce daga hannunta ba.

"Goron, alewar, duk a kwashe. Yaron nan bai da tarbiyya, Larai. Ba ni ba shi ɗiyar Ya'u, ko shi kaɗai ya rage a ƙasar Batsari!"

"Subhanallahi... Yaya, me ya yi zafi?" in ji Inna Larai, mahaifiyar Ramlat. "Sata aka ce yana yi? Ko shaye-shaye?"

"Da kunnena na ji, ba gaya mani aka yi ba."

Ramlat ta fito a guje ta zube gabansa. Tun rasuwar mahaifinta, Malam Ya'u, a daminar bara, wannan tsohon ne ubanta, kuma shi ne waliyyinta. In ya ce a'a, duk Safana ba mai cewa e.

"Baffa, don girman Allah, me Almustapha ya yi?"

Ko kallonta bai yi ba.

"Tambaye shi. Na ce wa mutanenshi su zo ran Juma'a bayan la'asar su ɗauki kayansu."

Ya zura takalmansa ya fice.

Dama al'ada ce, in an kawo kayan gaisuwa, iyayen yarinya su tura a binciko halin yaro. Wasu kan tura aboki, wasu su tambayi liman. Baffa Manu kuwa bai yarda da idon kowa ba sai nasa. Ya sa tsohuwar riga, ya hau bayan babur ya tafi Wagini, garin su Almustapha, kamar mai neman wake. Wanda ya kai shi kuma Yasir ne, ɗan acaban unguwarsu, wanda ya sha zarya ƙofar gidan su Ramlat tana sallamarsa. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Sai da rana ta yi sanyi ta samu Almustapha a waya. A Wagini, mai son magana sai ya hau tudun bayan gari kafin sabis ya yi masa sallama.

"Rabin raina! Yau ke kika kira?"

"Almustapha, me ka gaya wa Baffana?"

"Baffanki? Ni da ban taɓa ganinshi ba?"

"Jiya. Tsoho. A teburin mai shayi."

Tana jin iska tana kaɗawa a wayar.

"Innalillahi... Wanda Yasir ya kawo?"

"Gaya mani komai. Kar ka rage ko kalma."

Ya gaya mata. Suna zaune da rana ana gardamar da ba ta ƙarewa, wace ƙungiyar ƙwallo ce ta fi kowa a tarihi. Masu Basalona na ihu, masu Manchesta na buga tebur. Shi kuma, da duk Wagini ta sani da Madrid, yana jero masu kofunan Turai. Sai Yasir ya ce, ga wani dattijo nan yana cewa duk shirme suke, a tambaye shi. Tsohon ya gyara zama ya ce, tunda aka fara taka leda ba a yi kamar Raka Robas ta Kano ba. Wurin ya kwashe da dariya. Rabin samarin ko sunan ba su taɓa ji ba.

"Sai kai ka ce me?"

"Ramlat, wasa ne wallahi... kin san bakin majalisa..."

"Me ka ce?"

"Na ce... Baba, ai wanda zai tuna da Raka sai dai ka je makabarta ka taso shi."

Ramlat ta dafe bango. Kukan da take riƙewa ya ƙwace.

"Ka san wa zai tuna da Raka? Babana! Tare da Baffa suka je cirani Kano suna samari, tare suka riƙa shiga fili suna kallonta. Shi kaɗai ne ya sani, kuma Baffa da hannunshi ya sa shi a kabari!"

"Wayyo Allah... Ramlat, ban sani ba! Na rantse ban sani ba!"

Ta sani bai sani ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Wannan bakin nasa mai kaifi shi ya fara jan hankalinta a bikin ƙawarta a Batsari, ranar da ta tsoma baki ta gyara masa wani wasa da yake ba abokansa labari, ya tsaya yana kallonta baki buɗe. Ga shi yau bakin zai raba su.

"Saurara," ta ce, tana share ido. "Ran Juma'a ka biyo kawunka. Ka durƙusa. In Baffa ya tambaye ka, ka ce Raka ce ta fi kowa."

"Haƙuri zan ba shi har goshina ya taɓa ƙasa. Amma in ce abin da ban yarda da shi ba..."

"Madrid ce za ta aure ka?"

"Ramlatuna..."

"Ko ni, ko ita! Yi mani alkawari!"



"Na yi maki alkawari."

Ran Alhamis Inna ta dama fura ta ce ta kai wa Baffa, ko zuciyarsa ta yi sanyi. Ta tarar da shi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa, Yasir na gefe a tsugunne yana ta zuba ladabi kamar sabon ango.

"Ai Baffa, Raka ba ta da na biyu."

"Uhm."

"Yaran yanzu ne ba su san komai ba."

"Uhm."

"Duk abin da ka ce haka ne, Baffa."

Da ya ga Ramlat sai ya washe baki, ya tashi yana karkaɗe wando, wai zai ba su wuri. Da zai wuce ta ya rage murya.

"Kar ki damu, ƙanwata. In wani ya ƙi ka da wuni, wani zai so ka da kwana."

Da harara tana kisa, da a nan za a yi masa sutura.

Ta gaishe da Baffa ta ajiye kwanon. Ya daɗe yana juya ludayi bai sha ba.

"Kin ji shi ko? Haka ne, Baffa. Kowa haka ne, Baffa." Ya yi tsaki. "Ubanki bai taɓa ce mani haka ne ba. Tunda aka kawo kallon Turawa ya watsar da Raka ya koma Madrid, maci amana. Nan wurin, kullum bayan la'asar, sai mun yi kamar mu daku. In ce mashi bai san ƙwallo ba, ya ce mani na tsufa. Gobe kuma ya dawo."

Ramlat ta sunkuyar da kai. Ta tuna. Tana ƙarama har kuka take yi, ta zaci faɗa suke.

"Baffa, in Almustapha ya zo ya ba ka haƙuri..."

"Rashin kunya ana yafe ta, ɗiyata. Yaro ne. Abu guda nike jira." Ya ɗago ya dube ta. "Zan tambaye shi gaban mutanenshi. In ya ce mani Raka, to na gama da shi. Mutumin da ya canza bakinshi don ya samu mace, ran da ya samu zai sake canzawa. Ban haɗa jinin Ya'u da maƙaryaci."

Ramlat ta ji kamar an watsa mata ruwan randa.

Da hannunta ta haƙa ramin, kuma ita ta ce masa ya taka.

Ko sallamar kirki ba ta yi ba. Tana shiga gida ta rarumi waya. Ba ta shiga. Ta sake kira. Ba ta shiga. Ta tura saƙo, ya tsaya cak. Ta kira abokinsa, ta kira ƙanwarsa, duk labarin ɗaya ne, Wagini ba sabis. Safiyar Juma'a ma haka. Ta roƙi Inna ta bar ta ta je bakin hanya ta tare shi.

"Ki je ina? Budurwa a bakin titi tana tare surukai? So kike a ɗauke mu a faifai a garin nan?"

"Inna, zai yi ƙarya saboda ni!"

"To sai ki yi addu'a. Ƙafarki ba ta fita."

Bayan la'asar ta ji tsayuwar babur. Ta lallaɓa ta manne a jikin bangon zaure ta ciki, inda labulen buhu ya raba ta da maza.

Aka yi gaisuwa, doguwa, ta gajiya da iyali da damina da dabbobi. Ba ta taɓa jin gaisuwa ta yi mata tsawo haka ba. Kawun Almustapha ya yi bayani ya ba da haƙuri. Ta ji muryar Yasir ma a ciki, wai ya zo taya Baffa zama.

Sai ta ji ta Almustapha, can ƙasa-ƙasa.

"Baffa, na yi kuskure. Ko ban san kai ne ba, furfurarka ta isa ta hana ni. Na taɓa maka ciwon da ban san da shi ba. Allah ya jiƙan Baba Ya'u. Ka yafe mani don Allah."

"Na ji. Na yafe wannan." Baffa ya yi gyaran murya. "Saura guda. Gaban kawunka, gaban kowa. Wace ƙungiya ce ta fi kowa a tarihi?"



Ramlat ta cusa gefen mayafinta a baki. Ta ji Inna ta riƙo hannunta ta baya, tana ja.

"Baffa..." in ji Almustapha. Ya ja numfashi. "Na yi tunani. Gaskiya... ƙungiyar da ta fi..."

"Almustapha!"

Ita kanta ba ta san muryarta tana da wannan ƙarfin ba.

"Na sake ka! Na yafe alkawarin! Faɗi abin da ke ranka!"

"La'ilaha illallahu!" Inna ta saki hannunta ta dafe ƙirji. "Ramlat, kin kashe ni!"

A zaure kawun ya hau salati. Yasir ya samu abin da yake so.

"Ka gani ko, Baffa? Har ita ya lalata. Budurwa tana ɗaga murya gaban..."

"Kai, rufe mana baki!" Baffa ya daka masa tsawa. Sannan ya juyo da murya wajen labulen. "Ke kika sa shi?"

"Ni ce, Baffa," ta ce cikin kuka. "Ya ƙi, na tilasta mashi. Tsoro na ji kar in rasa shi. In akwai maƙaryaci a maganar nan, ni ce."

Ta faɗa. Gaban Baffa, gaban surukai, ta faɗi da bakinta cewa tana son namiji. Kunya ta rufe ta har ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

"To, yaro," in ji Baffa. "An kwance ka. Ina jinka."

"Madrid ce, Baffa."

"Me ka ce?"

"Ka gafarce ni... Madrid ce. Ba wadda ta kai ta kofin Turai."

"Kofi! Kullum kofi! Kuɗi suka zuba suka sayo 'yan wasan duniya, shi ne abin faɗi? Ka taɓa ganin yaran gari, waɗanda ka sani ka san iyayensu, sun tashi fili guda tsaye?"

"Ban gani ba, Baffa. Amma da ta kai yadda kake faɗa, da ba ta ruguje ba."

Kawun ya ce, "Kai, Almustapha!"

"Bar shi!" Ta ji Baffa ya buga tabarma. "Rugujewa? Daular da ba ta rugujewa wace ce? Kai ka san ƙwallo kuwa? Kallon akwati kawai ka iya!"

"Baffa, ko a akwatin ai ana gane gwani."

"Ji shi! Ji taurin kai! Wallahi ba ka san komai ba, Ya'u, tun muna Kano nike gaya ma..."

Maganar ta yanke.

Ramlat ta leƙa ta gefen labule. Baffa yana zaune baki a buɗe, yana kallon saurayin da ke durƙushe gabansa. A hankali ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Almustapha ya matsa ya dafa ƙafarsa, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Da Baffa ya sauke hannu, sai ya dubi kawun.

"Ɗaurin aure bayan girbi. Ku je ku shirya." Ya nuna Almustapha da yatsa. "Kai kuma duk Juma'a bayan la'asar ina ƙofar gidana. Ba mu gama ba."

"In sha Allahu, Baffa. Amma fa ba zan canza ba."

"Wa ya ce ka canza? Zauna da kyau in koya maka!"

Yasir ya sulale, ko sallama babu. Ba wanda ya tambayi inda ya nufa.

Ramlat ta juya ta faɗa jikin Inna, tana jiran faɗan da ta san ta cancanta. A zaure murya ta sake tashi, tsoho na rantsuwa, saurayi na musu, kawu na ba da haƙuri ba mai jinsa.

"Inna, ki yafe mani... Bari in aika a ce su rage murya, maƙwabta na ji."

Inna ta riƙe ta gam. Hawaye ne ke bin kuncinta, amma kunnenta na zaure.

"Ƙyale su, Ramlat," ta ce. "Ƙyale su in ji."